Ɗana, Maganar da Ka Haɗiye a Bakin Ƙofa

Ɗana,

Ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Mamarka da ƙannenka suna gaisuwa, duk muna lafiya.

Ranar da za ka koma, na tambaye ka a bakin ƙofa yaya zamanka da Ubangiji. Ka ce "Baba, wato...", sai ka gyara jakar da ke kafaɗarka, ka ce lafiya lau. Ban matsa maka ba. Amma na san irin wannan lafiya lau ɗin, don ni ma na daɗe ina rufe bakin mutane da ita.

Bari in gaya maka abin da ban taɓa gaya wa ɗayanku ba. Lokacin kana ƙarami, na yi wajen shekara uku ina bi da addu'ar safe a gida, ran Lahadi in tsaya gaban jama'a in karanta Nassi, alhali zuciyata ta bushe ƙamas. Akwai wani ɗan'uwa a ikilisiya da aka ba aikin da na sa wa rai. In ya hau wa'azi sai in zauna ina ƙirga tuntuɓen harshensa, in an tashi kuma in kama hannunsa da hannu biyu in ce Allah ya ƙara basira. Da dare in durƙusa in ce "Ka gafarta mana zunubanmu", haka a dunƙule, don kada bakina ya furta kalmar hassada. Ko mamarka ba ta gane ba, ko kuwa ta gane ta yi mini kara.

Ka sake karanta 2 Sama'ila sura 11 da 12. Sarki Dawuda ya ɓoye zinar da ya yi da Batsheba da kisan mijinta Uriya har aka haifi yaron da ta ɗauki cikinsa, yana ta mulkinsa kamar ba a yi komai ba. Da Annabi Natan ya zo, labari ya ba shi na attajirin da ya ƙwace 'yar tunkiya ɗaya tilo ta wani matalauci. Nan take Dawuda ya fusata ya yanke hukunci, sai Natan ya ce masa shi ne mutumin. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Daga wannan karyewar ne aka sami Zabura 51. A Zabura 32 kuma ya faɗi abin da shiru ya yi masa, har ƙasusuwansa suka lalace. Ni dai barci ne ya ƙaurace mini.

Ga abin da nake so ka gwada. Da dare ka kife wayarka, ka karanta Zabura 139:23-24, inda Dawuda ke roƙon Allah ya bincike shi. Lura, Allah ne mai binciken. In ka bar wa kanka aikin, alƙalin da mai laifin duk kai ne. Sa'an nan ka bi yininka daki-daki. Wa ka ji daɗin faɗuwarsa? Me ka kalla ka yi saurin gogewa? Abin da ya fito, kira shi da sunansa. Augustin, bishop na Hippo a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, wanda ya rasu a shekara ta 430, ya rubuta yadda yana ɗan shekara 16 shi da abokansa suka sato 'ya'yan itacen maƙwabci, ba don yunwa ba, har suka watsa wa aladu. Abin da ya dame shi bayan ya girma shi ne ya gano satar kanta ce ta yi masa daɗi. Irin tonon da nake nufi ke nan.

Bayan Allah, ka nemi mutum ɗaya. Yakubu 5:16 ya ce mu furta wa juna zunubanmu, mu yi wa juna addu'a, domin mu warke. Ba kowa ba fa. Nemi mai riƙon amana wanda ya girme ka cikin bangaskiya. Ni wani tsohon dattijon ikilisiya na samu. Na yi ta kewaye-kewaye, ya bar ni har na gaji na faɗa. Ko gezau bai yi ba. Ya ce in riƙa yi wa mutumin nan addu'a da sunansa kowace safiya. Makon farko kamar ana cire mini haƙori.

In kuwa shakka ce ke cin ka, ita ma faɗe ta. Mahaifin yaron nan mai aljani a Markus 9:24 cewa ya yi ya gaskata, a taimaki rashin bangaskiyarsa, Yesu kuma bai kore shi ba, ya warkar masa da ɗa. Sai dai kada binciken ya zama sosa gyambo. Abin da ka furta ka tuba, 1 Yohanna 1:9 ya ce an gafarta. Kada ka koma kana tono shi kowane dare, kada kuma ka guje wa Jibin Ubangiji, wato cin gurasa da shan ƙoƙon tunawa da mutuwar Yesu, saboda shi.

Ba dole ni za ka gaya wa ba, ba zan ji haushi ba. In kuma ni ɗin ne, kira ni bayan tara na dare, lokacin ƙannenka sun kwanta.

Ubangiji ya kiyaye ka.

Babanka