Ga sababbin ɗalibanmu na digirin digirgir a Ingila

Assalamu alaikum ƴan uwa. Barka da sauka ga waɗanda suka iso a wannan zangon, Allah Ya sa kun zo a sa'a.

Don Allah kada ku jira sai ciwo ya kama ku sannan ku yi rajista da likitan unguwa, wato GP. Kuɗin lafiya kun riga kun biya tare da biza. Ku kuma karɓi takardar shaidar ɗalibta ku miƙa wa ƙaramar hukuma, tunda ɗalibi mai cikakken karatu ba ya biyan harajin gida.

Abin da ya fi damuna shi ne aiki. Biza ta ba mu awa 20 ne a mako lokacin karatu, kuma mu ba mu da dogon hutun bazara irin na ƴan digirin farko, sai wanda jami'a ta amince a rubuce. Na san kuɗin haya na matsa mutum, amma ƙetare wannan iyaka na iya jawo soke biza. Ku tambayi ofishin ɗaliban ƙasashen waje kafin ku karɓi ƙarin aiki.

A Disamba magariba kan yi kafin ƙarfe 4, kewar gida takan yi nauyi. Wanda kaɗaici ya dame shi ya yi magana a nan, za mu leƙo shi.