Amsa ga mai tambaya: me mai rawa yake nema a fim?

Assalamu alaikum, ɗan'uwa.

A zauren tattaunawar da aka yi kan finafinan Turai ka miƙe ka tambaye ni: tun da ƙasar Cek cike take da ƙwararrun 'yan wasa, me ya sa daraktoci suka riƙa ɗauko Vlastimil Harapes, mutumin da rawa ce sana'arsa, har a wani fim ɗin ma wani ne ya ara masa murya? Lokaci ya ƙure mana a ranar, shi ya sa na ce bari in rubuto.

An haife shi a 1946, ya yi karatu a makarantar koyon rawa ta birnin Prag, ya shiga rukunin rawar bale na Gidan Wasan Ƙasa a 1966, ya zama mai fitowa shi kaɗai a manyan matsayi a 1971. Bale rawa ce da ake ba da labari sukutum ba tare da an buɗe baki ba. Soyayya, kishi, mutuwa, duk da kafaɗa da wuya da tafin ƙafa ake faɗar su, kuma sai na kujerar ƙarshe ya gane. Wanda ya tashi a wannan horo tun yana yaro, jikinsa ya iya abin da harshen wasu bai iya ba.

Abin da daraktocin suka saya ke nan. Dubi fim ɗin Panna a netvor na darakta Juraj Herz, 1978, labarin budurwa da dodo. Herz bai so dodo mai kan zaki irin wanda aka saba ba, sai ya yi shi da kan tsuntsu mai farauta, da gashin fiffike da ƙumbuna. Fuska a rufe take ruf, murya kuma ta wani ɗan wasa ce, Jiří Zahajský. To me ya rage wa mutumin da ke cikin kayan? Tafiya, da juyi, da yadda zai miƙa hannu wajen yarinyar sannan ya janye da sauri don kada ya ji mata ciwo. Da ɗan wasan da ya dogara ga ido da lafazi aka saka, da an ga mutum ne kawai sanye da kayan tashe. Harapes ya sa ka ji tsoron dodon, ka kuma tausaya masa, a motsi ɗaya. A ganina babu aikinsa na fim da ya kai wannan.

Tun kafin nan, Harapes yana saurayi, darakta František Vláčil ya ba shi matsayi a fim ɗin Marketa Lazarová na 1967, inda ya fito a Kristián, ɗan basaraken Jamus da aka kama, wanda daga baya hankalinsa ya gushe. Masu sharhin ƙasar Cek sun zaɓi fim ɗin a matsayin mafi kyau a tarihinsu a 1998.

Sai dai zan ba ka gaskiyarka a wuri guda: inda magana ce ke ɗauke da fim, bai kamo manyan 'yan wasan ƙasarsa ba, kuma fim bai taɓa raba shi da dandamali ba. Bayan faɗuwar mulkin kwaminisanci ya shugabanci rukunin bale na Gidan Wasan Ƙasa har 2002, lokacin da Petr Zuska ya gaje shi. Harapes ya rasu a watan Mayun 2024 yana da shekara 77.

Idan za ka nemi fim ɗin dodon, ka kashe sautin na minti biyar, sannan ka rubuto min abin da ka fahimta.

Wassalam,
ɗan'uwanka mai sharhin finafinai.