Wasiƙa daga bakin keken ɗinki

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya tare da iyali a Kumasi, ina neman afuwa a kan shirun da ka ji, domin yau kwana 16 ke nan ina fama da haƙarƙarina na dama, kuma na fi so ka ji daga bakina kafin mutanen majalisa su ƙara wa labarin gishiri.

Na taso daga Kantin Kwari ne da bandir biyu na shadda a kafaɗa, sai santsi ya kwashe ni a bakin kwata, gefen simintin ya same ni a ƙasan hammata. An ɗauki hoton ƙirjina a asibiti, likita ya ce babu karaya, buguwa ce, amma kada in sa ran samun sauƙi sosai kafin mako 3 zuwa 6. Da na yi ƙorafi, sai ya tuna mini cewa ƙasusuwan haƙarƙari 24 ne, 12 a kowane gefe, kuma duk numfashin da mutum ya ja sai sun motsa, saboda haka babu yadda za a yi a hutar da su kamar hannun da aka ɗora.

Ga shi kuma na riga na karɓi ankon biki na mutum 14, na kashe kuɗin kafin alƙalami. A nan ne na tafka kuskuren da ya sa na ɗauki biro. Kawu ya ba ni shawarar in tamke ƙirjina da rawani, kuma gaskiya na ji daɗinsa, har na yi kwana biyu ina taka keke kamar babu abin da ya same ni. Ranar da na koma asibiti, likita ya sa na kwance shi a gabansa, ya yi mini faɗa kamar ƙaninsa. Ya ce ɗaurin yana hana huhu buɗewa, majina ta taru a ciki, daga nan sai namoniya, wadda ta fi buguwar hatsari. A maimakon haka, ya umarce ni da jan dogon numfashi sau 10 a kowace awa ko da yana da zafi, in kuma rungume matashi a ƙirji idan tari ya taso. Har yau ban iya gaya wa Kawu ba. Idan ya leƙo shago, sai in gyara zaman babbar riga.

Magani kuwa, farasitamol nake sha, ƙwaya biyu a lokaci guda, ba na wuce 8 a yini da dare, tunda gyambon cikina ya hana ni ibuprofen. A kwanakin farko na riƙa sayen ƙanƙara wurin mai lemo, in naɗe ta a tawul in ɗora na minti 15. Wani maƙwabci ya miƙo mini tiramol, wai zan kwana ina ɗinki ban ji komai ba, na ce masa ya riƙe abinsa, domin zafin nan ne yake sanar da ni lokacin da ya kamata in dakata.

Aikin ma na sake masa tsari. Na daina yanka a ƙasa, na sa an ɗaga tebur don kada in sunkuya, dutsen guga na gawayi kuma na bar wa yaron shago, wanda ya riga ya ƙona mini hannun riga ɗaya. Duk bayan rabin awa nakan tashi in ɗan taka. A zaune nake salla, a jingine nake barci, kuma babu abin da nake tsoro a Fagge yanzu kamar atishawa. Dariya ma haka take, saboda haka ka riƙe barkwancinku na Zazzagawa har in warke, kada ka ƙarasa abin da kwata ta fara.

Saura riguna 5, biki kuma ranar Asabar ne. An ce idan na ga zazzaɓi, ko jini a kaki, ko numfashi ya fara sarƙewa, in ajiye almakashi in koma asibiti, uwargida kuwa ta haddace wannan fiye da ni. Ka gaida mai ɗakinka da yara, ka kuma sa ni a addu'a.

Naka,
Amininka na Fagge