Rahoton Ayyukan Shekara: Jinyar Manya Masu Raunin Fahimta a Ingila

Assalamu alaikum 'yan uwa mambobi, yayyenmu da suka daɗe a aikin nan da ƙannenmu da suka iso kwanan nan. A madadin kwamitin gudanarwa na ƙungiyarmu ta ma'aikatan jinya Hausawa mazauna Ingila, ga bayanin abin da muka yi a shekarar da ta ƙare.

Kun tuna a babban taron bara muka amince mu ba da ƙarfi a kan jinyar manya masu raunin fahimta a gidajensu da unguwanninsu. Fanni huɗu NMC, hukumar da ke kula da aikin nas da ungozoma, take yi wa nas rajista a ƙasar nan: na manya, na yara, na tabin hankali, sai wannan, kuma shi ne mafi ƙarancin ma'aikata. Yawancinmu da rajistar jinyar manya muka shigo, sai da muka zo muka san ma akwai shi.

Suna ne ya fara cin mana lokaci. A gida dolo ake cewa, ko gaula, wani ma ya ce mahaukaci ko mai aljanu. Bakin nas bai dace da waɗannan kalmomi ba. Bayan doguwar muhawara muka tsaya a kan "masu raunin fahimta": mutanen da aka haifa da lalurar, ko ta same su tun suna ƙanana, suna koyon abu sannu a hankali, suna buƙatar taimako a harkokin yau da kullum.

Zamanmu na wata-wata ta Zoom bai yanke ba, ko a watan azumi. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne ranar da wata yayarmu mai bin gida-gida ta ba mu labarin wani magidancin mutum da ba ya iya magana. Ya daina cin abinci, sai marin kuncinsa yake yi, masu kula da shi suka ce halinsa ne ya tashi, har ana batun ƙara masa maganin kwantar da hankali. Ta zauna kusa da shi a ƙasa, ta jira ya saki jiki, ta nuna masa hotunan fuska da baki da ciki, ya ɗora yatsa a kan baki. Da ta haska, ashe haƙori ne ya ruɓe, dasashi ya tara mugunya. Aikin ke nan: ciwon da mai shi ba zai iya faɗa ba, kai za ka nemo shi, kafin a ɗora komai a kan lalurarsa. Abin da ake rainawa, kamar ƙin fitar bayan gida ko ƙwarewa da abinci, yana kashe waɗannan bayin Allah.

Mun kuma waiwayi abin da ya kawo dokokin da muke aiki da su. A 2011 BBC ta fallasa azabar da ake gana wa majinyata a Winterbourne View, wani asibitin masu raunin fahimta kusa da Biristol. A 2016 wani matashi mai wannan lalura, Oliver McGowan, ya rasu yana da shekara 18, bayan an ba shi maganin da shi da iyayensa suka ce kada a ba shi. Mahaifiyarsa ba ta yi shiru ba, har dokar 2022 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya horo a kan wannan lalura. Duk wanda bai yi nasa ba, ya tuntuɓi shugaban sashensa.

Wajen iyalanmu Hausawa, mun yi ta tunatar da su cewa daga shekara 14 mai wannan lalura yana da haƙƙin a duba lafiyarsa kyauta sau ɗaya a shekara, in dai sunansa na cikin rajistar likitan unguwa. Mun taya wasu cike takardar da ake shiga asibiti da ita, mai bayanin yadda mutum yake nuna ciwo, abin da yake tsoro, da cewa halal yake ci. Inda muka sha fama shi ne dokar 2005, wadda ta ce a ɗauka baligi zai iya yanke wa kansa shawara sai an tabbatar ba zai iya ba. Mu kuwa mun saba uba ko babban wa ne ke magana. Wani baba ya ce da ni mai lalurar ɗansa ne, ya fi kowa saninsa, kuma gaskiyarsa. Na ce, Baba, a tambaye shi tukuna, kana zaune. Ra'ayina shi ne a nan dokar ta fi al'adarmu adalci.

Masu son komawa wannan fanni, akwai jami'o'i masu kwas na shekara biyu a matakin digiri na biyu. Tun 2020 ana ba ɗaliban jinya tallafin fam 5,000 a shekara, da ƙarin fam 1,000 ga masu wannan fanni, sai dai ga waɗanda suka cancanci rancen karatu ne kawai. Kada kuma a manta da sabunta rajista duk shekara uku: awa 450 na aiki, awa 35 na ƙarin ilimi.

Ku gaya wa 'yan uwa a gida cewa tun Yulin 2025 an rufe ɗauko masu kula da marasa lafiya daga waje, ban da nas masu rajista. Dillalin da ya ce zai samo bizar, kuɗinsu yake so.

Abin da muka gaza shi ne ɗan littafin Hausa mai hotuna da muka yi alkawarin aika wa iyaye a gida, tare da bayanin dokar hana nuna wa masu nakasa bambanci da aka sa wa hannu a Najeriya a Janairun 2019. Rubutu ya kammala, mai zane muka rasa. Ma'aji zai karanta lissafin kuɗi a babban taro, kuma wanda ya san mai zane ya sanar da sakatare kafin ranar.