Rahoton Ayyukan Shekara Ga Mambobin Ƙungiyarmu Ta Masu Ƙananan Jiragen Rimot

Assalamu alaikum, dattawanmu da 'yan uwa mambobi.

Kwamiti ya sake ɗora mini rubuta abin da muka yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi yana hannun ma'aji, shi zai karanta shi a zaman shekara, don haka ba zan taɓo shi a nan ba. Zan fara da fili, tunda in babu fili babu tashi.

Bana ma gonar da aka ara mana a bayan gari muka yi amfani da ita, daga girbi har saukar ruwan fari. Mun tumɓuke tushiyar dawa, mun baje kunya, mun fitar da hanyar sauka mai fuskantar gabas saboda iskar hunturu. Allah ya saka wa mai gona da alheri. Kafin mu ɗaga ko jirgi ɗaya mun je mun gaida mai unguwa, mun kai takarda ofishin 'yan sanda na yankin, mun nuna musu kayanmu a hannu. Ina tuna wa sababbi cewa tun 2016 Hukumar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Najeriya ta sanar da cewa ba a tashin jirgi maras matuƙi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Ba ma kusantar filin jirgin Malam Aminu Kano, ba ma bi ta saman barikin soja, kuma jirgi mai kyamara ba ya ƙetare katangar kowa. Tsakar gida wurin iyali ne, wanda ya leƙa ta sama da wanda ya leƙa ta katanga duk ɗaya ne.

Hunturu ya koya mana abu ɗaya da tsada. Farin jirgi ya shige cikin hazo, mai shi ya kasa gane ko zuwa yake ko tafiya, sai da yamma wani makiyayi ya kawo mana fiffike guda. Tun ranar muka ce kowa ya shafa ja ko ruwan lemo a ƙasan fiffike, ya bar saman da wani launi daban. Lokacin tashi kuwa bayan sallar asuba ne zuwa hantsi, kafin iska ta taso.

Babban aikin shekara a damina aka yi shi, lokacin da gona ta koma hannun mai ita. Kowace Asabar muna haɗuwa a zauren ɗaya daga cikin dattawanmu, muna ƙera jirgi daga farko. Katakon balsa, wanda akasarinsa daga Ikwado yake zuwa, ya fi ƙarfin aljihun yawancinmu yanzu, sai muka koma farin soson da ake kunshe firji da talabijin, da kwalin talla, da tsinken gora, da gam. Injin lantarki da sarbo (ƙaramar na'urar da ke motsa sassan juya jirgi) da rasiba (mai karɓar saƙon rimot) kawai ake saye. Matasan da suka zo da tunanin jirgi sai an yo odarsa sun yanka fiffike da hannunsu, sun goge shi, sun ɗora shi a kan yatsu biyu suna neman inda nauyi ya daidaita, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gaban fiffike. An maimaita musu har suka haddace: jirgin da nauyinsa ya rinjaya gaba zai tashi da ƙyar, wanda ya rinjaya baya kuwa da wuya ya dawo lafiya. Ni dai abin da ya fi faranta mini rai shi ne ranar da wani yaro ɗan sakandare ya kifar da nasa, ya tsince guntayen bai ce uffan ba, ya dawo da shi a ɗinke mako na gaba.

A ɗaya daga cikin waɗannan Asabar ɗin ne Baba mai zauren ya fito da akwatinsa. A ciki akwai tsohon inji mai shan mai, da rimot mai doguwar eriya irin wadda ake zarewa, da ƙananan kiristal a kwalbar magani. Ya ba mu labarin yadda ake yi a da: kowane kiristal da tasharsa, in mutum biyu suka kunna tasha ɗaya a fili ɗaya, jirgin da ke sama ya faɗo. Shi ya sa ake kafa allo mai matsen shanya, ba ka kunna rimot sai matsen tasharka yana hannunka. Rimot ɗin 2.4 (wato mai aiki a zangon rediyo na gigahaz 2.4) da muke riƙewa yau, wanda ya bazu daga wajen 2005, shi ya kawar da allon nan, har yaranmu ba su san an taɓa yinsa ba. Man injin ma ya ba su mamaki, da suka ji cewa metanol ne ake haɗawa da man zurma, zurmar nan da ke fitowa a bayan gidajenmu.

Daga nan hira ta zarce. Aka tuno cewa a 1898 Nikola Tesla ya nuna ƙaramin kwalekwale da yake sarrafawa da rediyo a birnin New York, sannan a ƙarshen shekarun 1930 tagwaye Walter da Bill Good suka ƙera jirginsu mai suna Guff, wanda yanzu yake ajiye a gidan tarihin Smithsonian da ke Amurka. Labarin da ya sa zauren ya yi tsit shi ne na Maynard Hill. A watan Agusta na 2003, yana da shekara 77, idonsa ya kusa tafiya, kunnensa ma haka, jirgin da ya ƙera, wanda bai wuce kilo 5 ba har da mai, ya tashi daga Newfoundland ta ƙasar Kanada, ya ƙetare tekun Atlantika, ya sauka a Ailan bayan fiye da awa 38 da tafiyar kilomita kusan 3,000. Baba ya ƙara da cewa mu Kanawa kada mu ɗauki kanmu baƙi a harkar sama, tunda a Kano jiragen farko suka sauka a ƙasar nan, ranar 1 ga Nuwamba 1925. Kwamiti ya amince a ajiye kayan Baba wuri ɗaya, a rubuta bayanin kowanne da Hausa.

Dole in faɗi abin da bai yi daɗi ba. A tsakiyar bazara an bar batir a but ɗin mota ya sha rana, ya kumbura, aka kuma jona shi a caja a haka. Ya kama da wuta. Allah ya taƙaita, tabarma da caja kawai suka ƙone, amma da a ɗaki aka yi da dare da labarin ya bambanta. Batirin LiPo, wato irin wanda jiragenmu ke aiki da shi, ba irin na tocila ba ne. Kowane ɗaki nasa, wato ƙwayar batir ɗaya daga cikin waɗanda aka haɗa, ba ya wuce bolt 4.2 in ya cika, ba a zuƙe shi ƙasa da 3, in za a ajiye a bar shi a 3.8. Wanda ya kumbura ya gama aiki. Yanzu a ƙasa ake caji, cikin tukunyar ƙasa, da bokitin yashi a gefe, kuma mai shi yana zaune a wurin.

Koyarwa ta tafi daidai. Sabon shiga yana farawa da gwajin tuƙi a kwamfuta, sannan a haɗa rimot ɗinsa da na malami ta waya, malami ya karɓe jirgin da zarar ya ga zai kufce. Faɗuwar masu koyo ta ragu a fili, kowa ya gani.

Akwai alkawuran da ba mu cika ba. Mun ce za mu kai nuni makarantu, har da na 'yan mata, ba mu je ko ɗaya ba. Littafin rubuta tashi da sauka ya tsaya tun kafin azumi. Laifin kwamiti ne, ni ma ina ciki.

An yi muhawara mai zafi kan ko a karɓi masu diron, wato jirgi maras matuƙi mai farfela da yawa, irin wanda ake saye a haɗe. An tsaya a kan a karɓe su, ni ma na goyi baya, amma da sharaɗin da nake roƙo kada a sassauta: kowa sai ya ƙera mai fiffike ɗaya da hannunsa a shekararsa ta farko. Wanda ya san abin da ke riƙe jirgi a sama ya fi kiyaye shi, ya fi kiyaye mutanen da ke ƙasa.

Da an kwashe amfanin gona za a sanar da ranar gyaran fili a zauren WhatsApp. A zo da fartanya da manjagara. Wanda ya san inda ake samun metanol mai kyau ya tuntuɓi kwamiti, domin Baba yana so a tada injin nan a ranar buɗe fili.

Wassalam.
Sakatare, a madadin kwamiti.