Wasiƙa ga Yaya, daga Paris

Yaya, ina gaishe ka, da Inna da mutanen gida. Ya zafin Damagaram?

Na aiko yuro 150, wajen jaka 98 ke nan. Jaka 60 kuɗin makarantar Auta ne da mai koya masa lissafi, saura na maganin Inna. Kada ka damƙa wa Auta a hannu, kai za ka kai.

An ce ya daina shiga aji yana kabu-kabu, wai lissafi ba ya ba da abinci. Gaskiya ne? Ka karanta masa wannan. Da lissafin nake cin abincin da nake aiko muku.

A gidan baje kolin da nake aiki, tabarau na kwamfuta muke ɗaura wa baƙi, sai mutum ya ga siffa tsaye a gabansa, ya juya ta, ya shiga cikinta. Akwati yana da kusurwa 8, gefe 12, fuska 6. Cire 12 daga 8, ƙara 6, ka sami 2. Siffar dala mai gindi mai kusurwa huɗu ma 5, 8, 5 ce, amsa 2. Ƙa'idar Euler, wani masanin lissafi, ke nan. Akwai kuma akwati mai awo huɗu, wato bayan tsawo, faɗi da tsayi akwai na huɗu, kusurwa 16, gefe 32, wanda kafinta ba zai iya sassaƙawa ba, inuwarsa kaɗai ake nunawa. Nan yara ke yin tsit.

Kowane mutum ana ware masa fili mita 2 kan mita 2. Kafin a ɗaura sai an daidaita tazarar gilasai da ta idanunsa, in ba haka ba hoto ya yi dishi-dishi, kai ya yi ciwo. Jiri kuwa yana zuwa ne in ido ya ga tafiya alhali jiki na tsaye. Gilashi da busasshen ƙyalle ake gogewa, kuma in rana ta haska shi sai ta ƙona allon ciki. Batir awa biyu ne, sai caji.

Sanyi da tsayuwa dai, alhamdu lillahi. Na san kai ke ɗauke da gida, ni ina nesa, abin yana damuna.

Ka ce wa Auta ya yanko dogon tsirin takarda, ya murɗa rabi, ya manne bakunan biyu, ya tsaga ta tsakiya har ya zagayo. Ya aiko mini ta WhatsApp zobe nawa ya fito. In ya koma aji zan saya masa waya bayan jarrabawar BEPC.

Jaka 60 ɗin nan, Yaya, makaranta kawai. Ka turo mini hoton rasit.

Ƙaninka.