Wutar da Ke Dawowa Ƙarfe Biyu na Dare

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ka ba ni fili in faɗi wani abu da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya, wato gobarar da ke tashi a gidaje da kasuwanninmu da yadda za a kare ta. Sana'ata wayarin ce a nan Kano, na fi shekara 20 ina hawa silin ɗin mutane ina jan waya. Ga hunturu ya sake shigowa, kuma duk mai irin aikina ya san kiran da ake yi mana da asuba a wannan lokaci.

A hunturun bara an kira ni wani gida a unguwarmu in duba abin da ya rage na wayarinsu. Matar gidan ce ta cika bokitin roba da ruwa da daddare ta jefa hita, don yara su samu na wanka kafin makaranta. Ba a yi minti goma ba aka ɗauke wuta. Ta jira har ta gaji, barci ya kwashe ta, hita na cikin bokiti, makunni a kunne. Wajen ƙarfe biyu na dare wuta ta dawo. Ruwa ya tafasa ya janye, bokiti ya narke, labule ya kama. Allah ya sa wani maƙwabci ya fito kama ruwa ya hangi hayaƙi. Ba a rasa rai ba, amma ɗaki biyu sun tafi. Na tsaya a bakin ƙofa ina kallon ƙarfen hitar nan a lanƙwashe, ya manne cikin baƙar roba kamar ƙanzo a gindin tukunya, ga takalmin makarantar yaro a gefe rabinsa ya narke. Maigidan ya dube ni ya ce, "Malam, tsautsayi ne." Na ce haka ne, Allah ya kiyaye gaba. Amma na koma gida zuciyata ba daɗi, don na san akwai ɗan ƙaramin ƙarfe da zai iya hana wannan, kuma ban taɓa yi musu maganarsa ba.

Yanzu ana yawan zancen gidajen zamani masu sarrafa kansu, inda mutum zai kunna fitila ko ya buɗe ƙofa daga wayar hannunsa. Ban ƙi wannan ba, ni kaina na haɗa wa wasu masu hali. A ƙasashen sanyi irin su Ingila da Jamus, babban aikin irin waɗannan na'urori shi ne daidaita ɗumin ɗaki, su kunna tukunyar ɗumama gida idan sanyi ya yi yawa su kashe idan ya isa. Mu damuwarmu daban ce. Wutarmu tana tafiya ba sallama, ta dawo ba sallama, sau da yawa lokacin da gida ke barci ko kasuwa ke kulle. Saboda haka na'urar da muka fi buƙata ita ce wadda za ta tsaya gadi a daidai wannan lokaci.

Duk wanda ya taɓa zuwa wajen injin niƙa mai aiki da lantarki ya ga akwatin nan mai maɓalli biyu, kore da ja, wanda muke kira sitata. A cikinsa akwai maganaɗisu da wutar kanta ke riƙe da shi. Da zarar an ɗauke wuta sai ya saki, kuma ko an dawo da ita injin ba zai tashi ba sai mutum ya zo ya danna koren da yatsansa. An yi shi ne don kada inji ya tashi da hannun mutum a ciki. To me zai hana a sa irinsa a kan layin soket na kowane shago a kasuwa, da layin da ake jona hita da dutsen guga a gida? An ɗauke wuta da la'asar, ɗan kasuwa ya manta da fanka ko cajar waya a jone ya kulle ya tafi, wuta ta dawo cikin dare ta tarar da ƙofa a rufe. Mai firji ko firiza sai a ware masa layinsa, a sa masa mai tsaron ƙarfin wuta, wanda ke yanke ta idan ta zo da ƙarfi fiye da ƙima, kuma yake jinkirta ta kamar minti uku kafin ya sake ta. Aikin rabin yini ne ga wanda ya iya. Ita kuwa hitar jefawa cikin bokiti, da ina da iko da na raba gidajenmu da ita. Butar lantarki mai kashe kanta idan ruwa ya tafasa ta fi ta aminci nesa ba kusa ba.

Sai ƙararrawar hayaƙi. Faɗinta bai wuce na faranti ƙarami ba, ana liƙa ta a silin, da batir take aiki, don haka babu ruwanta da an kawo wuta ko an ɗauke. Hayaƙi na shiga cikinta sai ta ɗauki ƙara mai tayar da mai nauyin barci. Mutane da yawa suna zaton zafin wuta zai tashe su. Hayaƙi ne ke fara isa, kuma shi ba ya tayar da mutum, ƙara dulmiyar da shi yake yi. A Faransa tun watan Maris na 2015 doka ta wajabta ta a kowane gidan zama. A Ingila kuma, daga Oktoban wannan shekarar, dole mai gidan haya ya sa aƙalla ɗaya a kowane hawa.

Amma a nan sai na faɗi gaskiya, don na ga yadda take ƙarewa a gidajenmu. Akwai wata Hajiya da na sa wa guda uku. Bayan wata biyu na koma gyaran fanka, na ɗaga kai na ga murfinsu a buɗe, an cire batir. Ta ce, "Ɗan nan, kullum na sa turaren wuta sai ta hana mu sakat." Ba laifinta ba ne, nawa ne da na sa ta a tsakiyar ɗakin da ake turare safe da yamma. Gidan Bahaushe ba ya rabuwa da kaskon turare, ga ƙurar hunturu da ke shiga cikin na'urar ta ruɗa ta. Sai na mayar da su baranda da hanyar ɗakunan kwana, na nuna mata maɓallin da ke sa ta yi shiru na ɗan lokaci, a kicin kuma na sa mai jin zafi maimakon mai jin hayaƙi. Tana buƙatar a riƙa kaɗe mata ƙura, a danna a gwada ta duk wata, idan ta fara ɗan kuka jefi-jefi a san batir ne ya yi sanyi, bayan shekara 10 a sauya ta gaba ɗaya. Wanda ya sayar maka bai yi maka wannan bayani ba, rabin aiki ya yi.

Akwai kuma makashin da ba a gani. Gawayi a kasko cikin rufaffen ɗaki, ko janareto a baranda ko ƙarƙashin bene, suna fitar da iskar da ba ta da launi ba ta da wari. Jini yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau 200 da wani abu, shi ya sa ake wayar gari a tarar da iyali a kwance kamar masu barci. Ita ma tana da tata ƙararrawar, dabam da ta hayaƙi, a ɗakin kwana ake sa ta. Ta gas ɗin girki kuwa ƙasa-ƙasa ake sa ta kusa da tukunyar, don gas ya fi iska nauyi, ƙasa yake kwanciya. Na sha ganin an manna ta a silin, wanda bai da amfani.

Mu zo kan manyan gine-gine. Babu ɗan Kano da zai manta da watan Maris na 2016, lokacin da gobara ta tashi cikin dare a kasuwar Sabon Gari ta cinye dubban shaguna. Mutanen da suka kwana da jari suka wayi gari da toka. A kasuwa mai wannan girma, ƙararrawar shago ɗaya ba ta isa ba. Ana haɗa su ne layi-layi zuwa allo guda a ɗakin masu gadi, allon ya nuna layin da hayaƙi ya tashi, ya yanke wutar wannan sashen, ya buga waya da kansa. Minti biyar na farko su ne komai, a cikinsu bokitin yashi ko tukunyar kashe wuta ɗaya na iya gama magana, bayansu kuwa ko motar kwana-kwana sai ta yi da gaske, in ma ta samu hanyar shiga. A rumbunan ajiya da otal da asibiti akwai bututun yayyafi da ake bi da su ta silin. Kowane baki an toshe shi da ɗan ƙaramin gilashi mai ruwa a ciki. Wanda ruwansa ja ne yana fashewa ne a zafin digiri 68, kuma bakin da wuta ta taɓa kaɗai ke buɗewa, ba duka ginin ke jiƙewa ba kamar yadda wasu 'yan kasuwa ke tsoro. Ƙarƙashin kwanon da rana ke gasawa a watan Afrilu sai a zaɓi mai jure zafi sama da haka. Sai dai duk wannan yana buƙatar tanki cike da ruwa da famfon da zai tashi ko babu wuta. Na taɓa shiga wani sabon gini mai hawa huɗu na ga bututun ja reras, gwanin sha'awa, na bi su har ƙasa na tarar ba a jona su da komai ba.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne ƙofa. Rashin tsaro ya sa mun mayar da gine-ginenmu keji, kowace taga da ƙarfe, kowace ƙofa da kwaɗo biyu, kuma ba zan ga laifin kowa ba. Amma ƙarfen da ya hana ɓarawo shiga shi ne zai hana yaro fita. A Nuwamban 2015 ɗalibai mata 7 suka rasu sanadin gobarar da ta tashi da dare a ɗakin kwanan makarantar 'yan mata ta Jogana. A Fabrairun 2025 almajirai 17 suka rasu a gobarar dare a Ƙauran Namoda. Allah ya jiƙansu da rahama. Duk lokacin da aka kira ni aiki a makarantar kwana, ƙofar ɗakin yara nake fara dubawa kafin waya, ina tambaya wa ke riƙe da makulli da dare, kuma a ina yake kwana. Akwai makullin maganaɗisu da ke riƙe ƙofa gam, amma da ƙararrawar gobara ta buga sai ya saki da kansa. Akwai kuma wanda ko lantarki ba ya so, ƙarfe ne a gicciye a jikin ƙofa ta ciki, ka tura shi da ƙirji ta buɗe, daga waje kuwa ba hanya. Mai makaranta zai kashe kuɗi ya sa kyamarori takwas, abin kirki ne, amma kyamara shaida ce kawai. A sa ƙofar tukuna.

Ɓangaren fitila da tattalin wuta ba ya buƙatar dogon bayani, aljihu ma ya isa ya koyar. Tun da kuɗin wuta na masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta awoyi masu yawa a rana, ya kai naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, mutane suka fara lura da fitilun tsakar gida da ke ci har azahar. Ɗan idon da ke kunna fitila da magariba ya kashe ta da hantsi, da mai jin motsi na banɗakin masallaci da matakalar ofis, da ƙwallon da ke kashe famfo idan tanki ya cika maimakon ruwa ya yi ta ambaliya a lungu, duk suna mayar da kuɗinsu. Fitilar da ke haskawa farat ɗaya idan an gifta ma ta fi mai ci duk dare razana ɓarawo.

Wasu na ce mini wannan duk rashin tawakkali ne. Ni ba malami ba ne, amma na ji a wajen malamai cewa wani gida ya taɓa ƙonewa da dare a Madina, da aka ba Manzon Allah (SAW) labari sai ya ce wutar nan abokiyar gabarku ce, idan za ku yi barci ku kashe ta. A wancan zamani fitilar mai ce. Tamu tana cikin bango, kuma tana iya kunna kanta bayan mun kwanta. Ina roƙon limamanmu su taɓo wannan a huɗuba a watannin sanyi, za a ji su fiye da yadda za a ji ni.

Ga hukuma kuwa, ba sabon abu nake nema ba. Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, akwai hukumar NEMSA mai duba aikin lantarki, akwai hukumomin kashe gobara da na tsara birane. A sa sharaɗi cewa ba za a ba makarantar kwana ko otal ko sabuwar kasuwa izinin buɗewa ba sai jami'i ya zo ya danna ƙararrawa ya ji ta da kunnensa, ya tura ƙofar fita ya ga ta buɗe. A kuma tsare mu daga jabun kaya, don bireka, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa ya yanke wuta idan ta yi wa waya yawa, in ta jabu ce ba ta faɗuwa, narkewa take yi. Mu ma masu sana'ar da namu, wanda ke ɗaure fis da wayar ƙarfe, da wanda ke sa siririyar waya inda ya kamata a sa mai kauri don ya ci canji, amanar rayuka ya ci. Bireka mai yanke wuta idan ta bi ta jikin mutum ya kamata ta zama a kowane gida mai yara da injin wanki ko hitar banɗaki.

Malam Edita, ina roƙon ka tura wakilinka kasuwanninmu bayan sallar isha'i, ya tambayi masu gadi abu biyu: idan wuta ta tashi a layin atamfa yanzu, ta yaya za ku sani, kuma ina makunnin da zai kashe wutar layin? A buga amsarsu yadda suka ba da ita.

Gidan da na fara ba da labarinsa an gyara shi bayan sallah. Da na zo sabon wayarin na sa musu sitata a layin soket da ƙararrawa biyu, ban karɓi kuɗin aikin waɗannan ba. Na kira yaran na nuna musu koren maɓallin, babbar cikinsu ce ke danna shi yanzu kowace safiya.

Wassalam.

Naka,
Wani mai aikin wayarin,
Kano.